Girman kai rawanin tsiya

Kamarad, yau da ku nake, ba da gwamnati ba. Zancen bursu da cunkoson amfi mun yi shi a kowane taro, kuma za mu ci gaba da yin shi. Amma akwai wata cuta da ke cikinmu wadda ba mu son a taɓo: kunyar aiki.

Ku duba kowace jami'a tamu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Aiki na nan zube. Masu rubuta memuwar na neman wanda zai buga musu a kwamfuta. Malamai na neman masu jin Hausa da Faransanci da za su shiga ƙauye su tattaro bayanai daga bakin manoma. Iyaye a cikin gari na neman mai koya wa ƴaƴansu lissafi kafin jarrabawar BEPC da BAK. Su wa ke karɓa? Ƴan ƙalilan. Sauranmu muna fada, shayi na farko, na biyu, na ukku, muna yi wa mai gyaran salula a ƙofar ɗaki dariya, wai ya zubar da darajar ɗalibi.

Wace daraja? Ta roƙon kuɗin fotokwafi wajen wanda ka gama yi wa dariya?

Na san amsar da za a ba ni: "Karatu muka zo, ba talla ba." To, lalle wanda ya bar darasi ya koma kasuwa ya yi asara, ban musa ba. Amma a ƙirga awannin da butar shayi da WhatsApp ke cinyewa a mako guda, sannan a gaya mini cewa awa huɗu na koyarwa ne za su kada mutum. Abin da muke gudu daban ne: tsayuwa gaban baƙo, yin kuskure a idon jama'a, jin an ce "ba haka ake yi ba". Wannan zafin kuwa ba a koyar da shi a amfi, kuma shi ne farkon abin da za a tarar ranar istaj.

Har masu aikin ma ban ƙyale su ba. Wani ya shekara biyu yana jera littattafai a laburare, in an ce ya yi wa sababbin ɗalibai bayani sai ya ce shi ba ya iya magana. Ƴar'uwa, ke da kika fi kowa gane darasi, don me kullum sai ki tura wani ya gabatar da aikin rukuninku?

Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, babban masanin kimiyya ne. Bai tsaya ga allo da alli ba: a ONERSOL ya jagoranci ƙera na'urorin dumama ruwa da dafa abinci da zafin rana. Muna alfahari da sunansa, muna ƙyamar ƙazantar hannu irin tasa.

Gwamnati ba ta iya ɗaukar duk mai lisansi, kowa ya san haka. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wannan makon, je ka ƙwanƙwasa ƙofar da kake tsoro, ka ce kana son aiki. In an kore ka, akwai ta gaba.