Firojestaron da Tayiroyid: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Tsara Haihuwa

Umarnin haihuwa daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. A ƙasanta akwai wani ɗan yanki mai suna haifotalamas, wanda ke sakin sinadarin GnRH jefi-jefi. Saƙon yana isa ga fituwitari, ita kuma ta saki LH da FSH, waɗanda ke sa ƙwan mace ya nuna ya fito. Tazarar da ke tsakanin saki da saki ita ce muhimmin abu, kuma firojestaron da sinadaran tayiroyid duk suna da hannu wajen tsara ta.

Bayan fitar ƙwai, gurbin da ya bari yana samar da firojestaron na kimanin kwana 14. Sinadarin yana shirya mahaifa don karɓar ciki, yana ɗan ƙara ɗumin jiki, sannan ya koma ƙwaƙwalwa ya rage saurin sakin GnRH don kada wani ƙwan ya biyo baya. Yana bi ne ta wasu jijiyoyi masu samar da sinadarin kisfeftin, wanda a 2003 aka gane cewa balaga ba ta yiwuwa sai da shi.

Ita kuwa tayiroyid a wuya take, kuma ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Da aidin take haɗa sinadaranta, T4 da T3. Idan ta yi rauni, haifotalamas yana ƙara sakin TRH don zaburar da ita, sai dai TRH ɗin yana tayar da furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono. Furolaktin mai yawa yana danne GnRH, ƙwai ya ƙi fita, firojestaron ya yi ƙaranci. Daga nan sai al'ada ta rikice, wani lokaci har nono ya riƙa ɗiga ga macen da ba ta shayarwa.

Alaƙar ta kai har cikin ƙwayar halitta. Makarɓan firojestaron da na sinadarin tayiroyid dangi ɗaya ne, dukkansu kan DNA suke sauka su kunna ko su kashe aiki. Sinadarin istirojin ne ke sa haifotalamas ya ƙera makarɓan firojestaron, kuma binciken Donald Pfaff na Jami'ar Rockefeller a kan ɓeraye ya nuna cewa yawan sinadarin tayiroyid yana iya rage tasirin istirojin a wurin, har macen ɓera ta rage yarda da namiji. A Jami'ar Michigan kuma, Fred Karsch da abokan aikinsa sun ga cewa tunkiyar da aka cire wa tayiroyid ba ta daina neman barbara idan lokacinta ya wuce. Wannan ya shafi tumakin ƙasashen sanyi ne, domin irin su 'Yankasa da Balami ba su da wani tsayayyen lokaci a shekara.

Saboda haka kuskure ne a ɗauki kowace rikicewar al'ada a matsayin ƙarancin firojestaron. Macen da ke sayen ƙwayar "dawo da al'ada" a kemis za ta iya ganin jini, alhali ƙwai bai fita ba, matsalar tana nan a wuya. Gwajin TSH na jini, wanda ke auna aikin tayiroyid, shi ya kamata ya zo da wuri, musamman in akwai kasala, jin sanyi, ƙiba ko yawan ɓari.

Da samun ciki buƙatar sinadarin tayiroyid tana ƙaruwa da kusan rabi, don a watannin farko ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta dogara ne da na uwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa mai ciki maikurogiram 250 na aidin a rana, maimakon 150 na sauran manya. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, amma gishirin da aka bari a buɗe cikin rana ko laima yakan yi asarar wani kaso na aidin ɗinsa kafin ya shiga tukunya.