ILIMIN GONA A GONA AKE BA DA SHI

Ya ku 'yan'uwa na rassan Dakoro, Kornaka, Sabon Machi da Birnin Lalle,

Kowa ya san halin ƙasarmu. Jigawa ce, ruwan sama ba shi da alkawari, daga arewa kuma ga kwarin Tarka, inda dokar 1961 ta ja iyaka tsakanin noma da kiwo. Gona ba ta ƙaruwa, bakuna suna ƙaruwa. Wadda kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ke rabonta. To, in gona ba ta faɗaɗuwa, ina mafita? Mafita ita ce a ƙara wa mai gona sani. Amma wane irin sani, kuma a ina za a ba shi?

Ku dubi abin da ya faru a jihar Maradi. Tun zamanin Nasara, dokar daji ta 1935 ta sa daji da manyan itatuwa a hannun gwamnati, bayan 'yancin kai ma ba a sake ba. Talaka ya gane cewa itace a gona tara ce. Malaman gona kuma suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Sai iska ta sami hanya, tana binne shuka, mutum ya shuka sau biyu, sau uku. Bayan farin 1973 an zuba kuɗi wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu.

A 1983 wani mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, mai aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace bazara ba su mutu ba, saiwarsu na da rai. Darasin bai wuce wannan ba: in kana sassabe, ka zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, ka bar su, ka rage musu rassan ƙasa, ka sare saura. Ba sayen iri, ba ban ruwa, ba bashi. Gatarinka ya isa.

A yunwar 1984 an ba mutane abinci don su yi wannan aiki. Da abinci ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Wannan ma darasi ne: abin da aka yi don buhu, da buhu yake tafiya. Amma waɗanda suka bari, maƙwabta sun ga gonarsu. Sun ga gawo yana zubar da ganye da damina, bai tare wa gero rana, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Sun ga kalgo da sabara sun tare iska, mata sun huta da doguwar tafiyar neman itace. Gani ya kori ji. Kafin 2009 masu bincike sun ƙiyasta eka ta Faransa, wato hekta, miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2020 gwamnati ta fito da doka mai tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya raya.

Haka buhun wake mai riɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka da masanan INRAN na Maradi suka yaɗa tun 2007. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne dabam, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba tare da magani ba. Yaya mutane suka yarda? An ɗaure buhu a gaban jama'a, aka kwance shi a gabansu bayan watanni. Wanda ya koya ba ya zubar da wakensa da arha lokacin kaka.

Saboda haka mu ce: koyarwar da ake yi a ɗakin taro, da harshen Faransanci, ga mutanen da kuɗin zama ya kawo, ba ta cika rumbu. Wadda ke cika rumbu ita ce gonar gwaji. Manoma kamar 25 su haɗu kowane mako tun shuka har girbi, a raba gona biyu, rabi yadda aka saba, rabi sabuwar dabara, damma su yi hukunci.

Ga aikin kowane reshe kafin ruwa ya sauka. Na farko, a nemi gona a bakin hanyar kasuwa, inda mai wucewa zai gani. Na biyu, a je wa malamin gona a ce ya zo gona, da Hausa. Na uku, a sa mata a ciki, gama gamanarsu ce ke riƙe gida lokacin da rumbun gandu ya yi ƙasa. Na huɗu, a kira makiyaya a zauna da su, don itacen da aka raya kada ya zama sanadin faɗa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Da rarrafe yaro kan tashi. Mu tashi tsaye.