Batir nawa daren gidanku yake ci?

Duk wanda ke karanta lantarki a makarantar nan ya san wannan kiran. Kana isa gida hutu, ko jaka ba ka ajiye ba, za ka ji an ce, "Injiniya, zo ka duba mana." Ba ruwan kowa da cewa ajin ND II kake, kuma jiya-jiya ka sha da ƙyar a jarrabawar lissafi. Ni nawa kiran ya zo ne a hutun bazarar da ta wuce. Abba ya miƙo mini wata takarda da mai haɗa sola ya rubuto: batir huɗu, manya, da kuɗin aiki. Ya ce, "Ga abin da mutumin ya ce. A saya ko a bari?"

Gidanmu akwai farantan sola da Yaya ya sa, da inbata irin wadda ke iya aiki ba batir. Da rana firizar Umma tana aiki, ana buga ruwa zuwa tanki, kowa ya yi cajin waya. Rana na faɗuwa komai ya tsaya, sai in NEPA ta ga dama. Kuɗin da ke jikin takardar nan kuwa, in aka fitar da su, sai an taɓa jarin Umma na zoɓo da kunun aya.

Na fara da abin da duk muke yi, na shiga YouTube. A can na tarar da Turawa suna ta muhawara kan ko batir na biyan kuɗinsa. Sai daga baya na gane ba maganarmu suke ba. A Jamus ko wasu jihohin Amurka, mai sola yana tura rarar wutarsa ta rana cikin layin gwamnati a biya shi ko a rage masa bil, da dare kuma ya ja daga layin, wanda da wuya ya ɗauke. Shi lissafin riba yake yi. Mu da muka ga watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako a duhu bayan layukan da ke kawo wuta sun lalace, ba wanda zai zauna yana yi mana bayanin amfanin ajiye wuta. Ga fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, janareta ya zama na ranar biki.

Don haka ra'ayina shi ne, e, gida a ƙasar nan yana buƙatar batir. Inda muke asarar kuɗi shi ne wajen yawansa. Mai sayarwa yana tambayar kayan wutar da ke gidan ne gaba ɗaya, ya tara, ya rubuta. Ni kuma na ce a tambayi abin da ba za a iya kwana ba sai da shi.

Ga yadda na yi a bayan takardar tasa. Fanka biyu, kowace wat 60, awa takwas: wat-awa 960. Ƙwai huɗu masu wat 10, awa biyar: 200. Talabijin da cajin waya, a ce 200. Jimla ta kusa 1,400, wato yunit ɗaya da ɗan abin da bai kai rabi ba a lissafin mitar kati. Ita ma inbata tana cin nata, a ce mun kai 1,600. To, batir ɗin ruwa mai bolt 12 da 200Ah, a rubuce yana ɗaukar 2,400. Amma an koya mana a aji, kuma gaskiya ne, irin wannan batir in kana zuƙe fiye da rabinsa kullum, kana haƙa masa kabari ne. Ke nan 1,200 kake da shi a kowane ɗaya. Biyu sun ishi darenmu har da canji. Sauran biyun da aka rubuto na mene ne? Na firiza.

A nan muka yi ta ja da Umma, don ita firizar ce ranta. Na ce, "Umma, ai firizar nan da kanta ma'ajiya ce." In ta yi aiki tun daga hantsi zuwa la'asar, aka jera robobin ruwa a ƙasanta suka daskare, aka daina buɗe ta kowane minti biyar (wannan da ƙannena nake), sanyin zai kai safe. Ƙanƙara ba ta tsufa, ba a ƙara mata ruwan batir. Haka tanki: ruwan da aka buga da azahar yana nan har dare, nauyinsa ne zai sauko da shi. Guga ma a yi ta da rana. Dutsen guga ɗaya yana jan wajen wat 1,000, ya fi fanka goma sha biyar. Duk aikin da aka mayar rana, batir ɗinsa ba sai an saya ba.

Akwai kuma abin da masu shago ba su cika faɗa ba: zafi. Ƙarfin da ake rubutawa a jikin batir an auna shi ne a wajen digiri 25. Ƙa'idar da aka sani ita ce, duk ƙarin kamar digiri goma yana rage rayuwar batir ɗin ruwa da rabi. Mu kuma a watan Afrilu digiri 40 ba labari ba ne, sannan a kai batir ɗin sito mai rufin kwano a kulle. Wani maƙwabcinmu haka ya yi, da na hannu ma ya saya don araha, bai cika shekara ba suka koma ɗaukar awa ɗaya. Har yau in ka ce masa sola, tsaki yake ja, alhali farantansa lafiya lau suke.

Za a ce ai ga na litiyam. Gaskiya ne, ana iya jan kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye, ba ya son ruwa, yana yin shekaru da yawa fiye da na ruwa. Wanda ke da kuɗin a hannu, shi ya fi. Sai dai tsadarsa ta farko ba wasa ba ce, kuma kasuwa ta cika da waɗanda aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka lulluɓe da sabon kwali. Lissafin dai bai canza ba: ka san darenka tukuna, sannan ka san girman da za ka nema.

Dole in yarda da abu ɗaya da mai haɗa solar ya faɗa, ko da na ji haushinsa. Inbata ba batir tana da shegen hali. Gajimare na giftawa, ko ƙurar hunturu ta rufe farantan, sai ta tsinke, firiza ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi, kuma hakan ba ya yi wa injinta daɗi. Ko don wannan kaɗai, ɗan batir yana da amfani har da rana. Sai kuma a tabbata farantan sun isa su ɗauki aikin rana su kuma cika batir ɗin, don wanda ke kwana bai cika ba kullum, shi ma mutuwa yake a hankali.

Ƙarshenta biyu muka saya, sababbi, aka ajiye su a zaure inda iska ke ratsawa. Da ragowar kuɗin aka canza fankar ɗakin Abba zuwa ta DC, wadda ba ta cin rabin ta da. Aikin duba ruwan batir duk wata an ɗora wa ƙanena Sadiku, goge farantai kuma ranar Asabar. Shekaranjiya Umma ta kira ni wai zoɓo ya kwana da sanyinsa, amma Sadiku ya jona hita da asuba, inbata ta yi ta ihu har ta tashi Abba.