Raddi ga Masu Cewa Raba Iko ke Wargaza Sabuwar Dimokuraɗiyya

Duk sanda aka tayar da maganar sakar wa jihohi da ƙananan hukumomi mara, sai wasu malamanmu na siyasa, waɗanda ba a raina iliminsu, su ce a dakata. A ganinsu ƙasar da ta fito daga hannun soja jiya-jiya tana bukatar cibiya mai ƙarfi, idan kuwa aka raba iko tun ƙafarta ba ta tsaya ba, ko dai ta tarwatse ko ɓarayi su yawaita. Sukan ɗauko Indonesiya su ce ga misali. Ni kuwa ina ganin shaidar da suka kira ita ce ke ƙaryata su.

Shugaban Indonesiya Suharto ya sauka ranar 21 ga Mayun 1998 bayan shekara 32 yana mulki, makonni kaɗan kafin rasuwar Janar Abacha a Najeriya. Mataimakinsa Habibie ya gaje shi, kuma a 1999 ya sa hannu a dokoki biyu, mai lamba 22 a kan mulkin yankuna da mai lamba 25 a kan rabon kuɗi. Sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2001. Makarantu, asibitoci, hanyoyi da noma suka koma hannun gundumomi da birane, tare da ma'aikata kimanin miliyan biyu. Gwamnatin tsakiya a Jakarta ta riƙe tsaro, harkokin waje, shari'a, kuɗin ƙasa da addini.

Hujjarsu ta farko ita ce ɓallewar Timor ta Gabas. Malamai, ku dubi kwanan wata. An kaɗa ƙuri'ar raba gardama a Timor ranar 30 ga Agustan 1999, fiye da shekara guda kafin dokar ta fara aiki. Timor kuwa tsohuwar mallakar Fotugal ce da sojojin Suharto suka mamaye a 1975, ba ta taɓa shiga Indonesiya da yardarta ba. Haka rikicin Musulmi da Kirista a Poso da Ambon: ya ɓarke a ƙarshen 1998 da farkon 1999, aka kuma sasanta shi a Malino a 2001 da 2002, wato bayan raba ikon. Yaya abin da ya zo daga baya zai zama sanadin abin da ya riga shi?

Abin da ya daɗe yana hura wutar ɓallewa a ƙasar shi ne tattara komai a Jakarta. Tun 1958 sassan Sumatra da Sulawesi suka yi tawaye a kan haka. A Aceh ƙungiyar GAM ta ɗauki makami a 1976, mutanen lardin suna kallon ana kwashe iskar gas ta Arun su kuma suna cikin talauci. An gwada musu ƙarfin soja daga 1989 zuwa 1998, aka sake ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a 2003, duk bai kashe wutar ba. Bayan ambaliyar tsunami ta Disambar 2004 aka zauna a Helsinki ƙarƙashin mai shiga tsakani Martti Ahtisaari, aka sa hannu ranar 15 ga Agustan 2005. Da me aka sayi zaman lafiyar? Da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin mai da gas na lardin, da ikon kafa jam'iyyun cikin gida. A Disambar 2006 tsohon ɗan tawaye Irwandi Yusuf ya ci zaɓen gwamna. Yaƙin da ya kusan kai shekara talatin ya tsaya, Aceh kuma tana cikin Indonesiya har yau.

Akwai ma wata dabara da malaman namu ba sa ambata. Masu tsara dokar, ƙarƙashin Ryaas Rasyid, su ma suna tsoron ɓallewa, shi ya sa suka tsallake larduna suka kai ikon ga gundumomi. Lardi yana da girman da zai iya mafarkin zama ƙasa, gunduma ba ta da shi. Dokar ta tanadi aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shigar cikin gida don yankuna, kuma kashi 90 na wannan kaso ya tafi ga gundumomi da birane kai tsaye, ba ta hannun gwamna ba.

Hujja ta biyu ita ce cin hanci, kuma a nan suna da ƙamshin gaskiya. Su kansu 'yan Indonesiya sun yi kukan samun ƙananan sarakuna. Shugabannin gundumomi a Kalimantan sun yi ta raba takardun sare daji, kuma Irwandi ɗin da na yaba hukumar yaƙi da rashawa ta KPK ta kama shi a 2018, kotu ta ɗaure shi. Sai dai da me ake kwatantawa? A 2004 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta abin da Suharto ya wawure tsakanin dala biliyan 15 zuwa 35. Wannan ce cibiya mai ƙarfin da ake so a koma? A zamaninsa babu alƙalin da ya isa ya taɓa gidansa. Yawan gwamnoni da shugabannin gundumomi da aka ɗaure bayan 2004 yana nuna akwai sata, yana kuma nuna ana iya kama ɓarawon, abin da ba ya yiwuwa a da.

Ta uku ita ce ta fi ci mini rai: wai talakawa ba su kai ba, kuma babu ƙwararru a ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da aka fara zaɓen shugabannin yankuna kai tsaye a 2005, mutanen birnin Solo suka zaɓi wani mai sana'ar kayan katako, Joko Widodo, wanda ba janar ba ne, ba kuma ɗan gidan mulki ba. Ya zauna da 'yan tireda ya lallashe su suka koma kasuwa ba tare da duka ba. A 2012 ya zama gwamnan Jakarta, a 2014 shugaban ƙasa. Surabaya ta zaɓi Tri Rismaharini a 2010, ta gyara birnin har aka san sunanta a duniya. Ko me mutum zai ce game da mulkin Joko Widodo daga baya, tsarin Suharto ba shi da ƙofar da irinsa zai shigo. Da majalisa ta soke zaɓen kai tsaye a Satumban 2014, jama'a suka yi ca, Shugaba Yudhoyono ya maido da shi cikin 'yan kwanaki. Mutanen da ba su kai ba ba sa kare ƙuri'arsu haka.

Saura yawan ƙirƙirar sabbin yankuna. Gundumomi da birane sun tashi daga wajen 300 zuwa 514, wasu don neman kujera da kaso kawai, kuma Papua ta sami 'yancin musamman a 2001 amma rikicinta bai ƙare ba. Na yarda da wannan. Maganin da aka yi shi ne gyaran doka a 2004 da 2014, inda aka mai da ikon daji da ma'adinai ga larduna, aka kuma fara aika kuɗi ga ƙauyuka daga 2015.

Ga mu a Najeriya, da muka koma mulkin farar hula tare da Indonesiya a 1999, sashe na 162 na tsarin mulkinmu ya zuba kuɗin ƙananan hukumomi 774 a asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a biya su kai tsaye. Zaɓensu kuma har yanzu hukumar da gwamna ya naɗa ce ke shirya shi, shi ya sa sau da yawa jam'iyyarsa ke lashe kujeru kaf. A Indonesiya rassan hukumar zaɓe ta ƙasa ne ke gudanar da zaɓen gunduma, wanda bai gamsu ba kuma ya kai ƙara Kotun Tsarin Mulki a Jakarta.