Kafin ka nemi kakanka a maikirofim, ka fara da tsohuwar gidanku

Yau ba gyaran sikirin ko matsalar caji zan kawo muku ba. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini rai, kuma ta shafi duk mai riƙe da waya a hannu.

Bayan ambaliyar 2022, wani bawan Allah daga wajen Auyo ya zo shagona a nan Haɗeja da waya a ƙulle cikin leda, ta kwana a ruwa. Na duba na ce masa, Malam, kuɗin gyaran nan zai kusa na sabuwa. Ya ce shi wayar ba ta dame shi ba. Muryar kakarsa ce a ciki. Ya naɗe ta kusan awa guda tana lissafa masa wa ya haifi wa, daga ina suka taso, me ya kawo su bakin kogi. Da azumin shekarar Allah ya yi mata rasuwa. Kwana uku ina fama, na wanke injin, na busar, na canza abin da zan iya canzawa, wayar ba ta tashi ba. Ma'ajiyar wayoyin yanzu a manne take da injin, kuma abin da ke ciki a kulle yake, ba kamar memori ba da za ka zare ka sa a wata wayar. Da na miƙa masa ita bai ce komai ba, ya mayar cikin ledar ya tafi.

Bayan 'yan watanni na ba wani kwastomana wannan labari, ɗalibin tarihi ne a jami'a. Shi ya fara faɗa mini kalmar maikirofim. Tun daga nan nake bin maganar, kuma ga abin da na fahimta.

Menene maikirofim?

Hoton takarda ne da aka ƙanƙanta sosai aka ɗora a kan fim, irin na kyamarar da, wanda masu hoto ke wankewa. Wani a naɗe yake kamar zare a ƙwarƙwaro, faɗinsa milimita 16 ko 35, kuma naɗi ɗaya yana ɗaukar ɗaruruwan shafuka, wani ma dubbai. Wani kuma falle ne kamar kati, bai wuce tafin hannu da yatsu ba, shi ake kira maikirofish, falle ɗaya yakan ɗauki shafi 98. Da ido kawai ba za ka karanta ba. Sai an sa shi a na'ura mai fitila da gilashin ƙara girma, ta hasko rubutun a allo.

Fasahar tsohuwa ce. Wani Bature a Ingila, John Benjamin Dancer, ya fara irin wannan ƙaramin hoto a 1839. Lokacin da aka yi wa birnin Paris ƙawanya a 1870 zuwa 1871, a kan irin wannan fim aka riƙa ƙanƙanta wasiƙu, tantabaru suna shiga da su garin. Abin da ya fi ba ni mamaki a matsayina na mai gyara shi ne ƙarkonsa. Fim mai kyau, idan aka ajiye shi a wuri mai sanyi marar laima, an ƙiyasta zai kai shekara 500. Ba ya neman caji, ba ya neman faswod, ba manhajar da za ta ce ta daina aiki da shi. Ni kuwa wayar da ta shekara biyar a hannun mutum ɗaya, sai in ɗaga ido in dubi mai ita. Amma shi ma yana da lagonsa: tsohon samfurin, idan zafi da laima suka kama shi, yakan fara wari mai tsami ya kanannaɗe ya lalace.

A ƙasashen waje masu neman asalinsu sun daɗe suna aiki da shi. FamilySearch da ke Amurka ta tara naɗi miliyan 2.4, kuma a 2021 ta sanar da ta gama mayar da su hotunan kwamfuta.

To mu fa, ina namu yake?

A nan ne zan faɗi ra'ayina, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Bature yana samun sunan kakan kakansa a fim saboda can an daɗe ana rubuta haihuwa da aure da mutuwa a rajista. Mu kakanninmu da yawa an haife su, an raɗa musu suna, sun yi noma da su a fadama, sun koma ga Allah, ba wanda ya rubuta ranar. Duk wanda ya ce maka akwai wani shafi ko wata manhaja da za ka rubuta sunanka ta jero maka kakanninka har bakwai a ƙasar Haɗeja, kuɗinka ko datarka yake so.

Amma kuma ba a ce babu komai ba. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda takardun mulkin Turawa na Arewa suke. Akwai Arewa House, ita ma a Kaduna, wadda aka kafa a 1970, take kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a yanzu. Akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano. A shekarun 1960 masana a jami'o'in Ibadan da Zariya sun bi gidajen malamai suna ɗaukar rubuce-rubucen Larabci da ajami a fim. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana ɗauke da labaran garuruwa, naɗin sarauta da wasiƙun masu karatu da sunayensu. Kuma Laburaren Birtaniya yana da wani shiri na ceto takardun da ke neman lalacewa, sunansa Endangered Archives Programme, wanda ya ɗora hotunan wasu takardun Arewa a intanet, ana dubawa kyauta ko da waya.

Sai dai ka san irin abin da ke ciki. Bature bai zo don ya rubuta tarihin gidanku ba, haraji da jangali ya zo ƙirgawa. Rahoton da jami'insu ke yi a kan gunduma yakan kawo sunayen ƙauyuka, dagatai da hakimai, yawan mutane da shanu, irin amfanin gona, ƙabilun da ke zaune, da ɗan tarihin yadda aka kafa garin. Idan gidanku na sarauta ne, ko na alƙalanci, ko kakanka ya yi aikin En'e, kana iya cin karo da sunansa. Idan masunci ne ko manomi kamar nawa, abin da za ka samu shi ne garinsa da zamaninsa: wa ke dagaci a lokacin, wace shekara aka yi yunwa, yaushe mutane suka tashi daga wannan tunga suka koma waccan. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, amma ba zai yi maka amfani ba sai ka je da sunan garin da sunan dagacin a hannunka. Su kuma waɗannan sunaye a bakin tsofaffin gidanku suke.

Shi ya sa nake cewa aikin daga tabarmar Kaka yake farawa. Takardun Kaduna sun jira shekara ɗari, za su iya ƙara jiran ka. Kaka kuwa ba ta da wannan lokacin.

Yadda za ka yi da wayarka

Na farko, ka zauna da tsoho ko tsohuwa ka kunna rikoda. Ka sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse, ka ajiye ta kusa da bakinsu, nesa da janareto. Ka fara da faɗin kwanan wata da sunan mai magana. Kada ka tambayi shekara, ba da ita suke lissafi ba. Ka tambaya da abin da ya faru: zamanin wane sarki ne? Kafin jirgin ƙasa ya bi ta Malam Madori zuwa Nguru ko bayansa? Kafin canjin kuɗi? Kai ne za ka mayar da shi lamba daga baya. Yaƙin da Turawa suka yi da Haɗeja, wanda Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa, a watan Afrilu 1906 ne. Naira ta shigo a 1973, shekarar da fari ya yi tsanani. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, kuma tsofaffin masunta suna raba zancen kogi gida biyu, kafinsa da bayansa. An cire Jigawa daga Kano a 1991. Ka kuma tambayi sunan yanka da laƙabi duka, don wanda gida ke kira Ɗanlami ko Tanko, a takarda wataƙila Muhammadu ne.

Na biyu, ka ɗauki hoton duk takardar da ke cikin adakar gida: rasit ɗin haraji, takardar gona, hukuncin alƙali, shaidar makaranta, da abin da wani malami ya rubuta a gefen littafi na ranar haihuwa ko rasuwa. Manhajar Google Drive tana da wurin sikanin, tana gyara gefen takardar ta mayar da ita PDF. Mu da ruwa ke shigo mana ɗaki kusan duk damina mai ƙarfi, wannan ba aikin da za a ce sai gobe ba ne.

Na uku, idan za ka nemi takardun hukuma, ka tuna a zamanin Turawa Haɗeja a ƙarƙashin Lardin Kano take, don haka kalmar Jigawa ba za ta fito maka da komai ba. A Kaduna takardun lardin suna ƙarƙashin lambar KANOPROF, na ofishin sakataren Arewa kuma SNP. Turawa sukan rubuta Hadeija, to ka gwada wannan rubutun tare da Hadejia, haka ma sunan ƙauyenku ka juya shi iri-iri. Kafin ka biya kuɗin mota, ka tuntuɓi wurin ka ji ko abin da kake nema a takarda yake ko a fim, da kuma ƙa'idarsu ta ɗaukar hoto.

Na huɗu, idan an zaunar da kai gaban na'urar fim kuma an ba ka izini, ka kashe filashin waya, don zai haske allon ya rufe rubutun. Ka fara ɗaukar lambar kwalin ko fayil ɗin kafin shafukan, in ba haka ba gobe ba za ka san inda ka samo ba. Wani fim yakan nuna farin rubutu a kan baƙi, kana iya juya kalar daga baya a manhajar gyaran hoto.

Na biyar, wanda ya fi duka: ajiya. Kwafi uku nake ba da shawara. Ɗaya a waya, ɗaya a Google Drive mai ba da 15GB kyauta, ɗaya a wurin ɗan uwa a wani garin da ruwa ba zai ci ku tare ba. Idan za ka tura hoto ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, don kada ya matse shi rubutun ya dusashe. Ka rubuta faswod ɗin imel ɗinka a takarda, don rabin masu zuwa wurina ba su san nasu ba, wani ne ya buɗe musu. Ka kuma riƙa shiga, domin Google ta ce tana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Sannan ka samu littafi ka rubuta sunayen da biro, ka buga muhimman hotunan a takarda. Darasin da na ɗauka daga maikirofim ke nan: abin da ido zai iya karantawa ba tare da caji ba ya fi daɗewa.

Na san wani zai ce tonon asali yana tayar da fitina. Gaskiya ne, akwai hatsari. Kana iya gano wata gona tana da wata magana a baya, ko asalin gidanku ba yadda ake faɗa ba ne. Ƙasar nan mahaɗa ce, akwai Auyokawa, Badawa, Mangawa, Fulani da Hausawa, an yi auratayya, an yi yaƙe-yaƙe, an yi bauta. Kuma abin da Bature ya rubuta ba wahayi ba ne, ta bakin tafinta ya ji, wani lokacin abin da hakimi ke so ya ji aka faɗa masa. Amsata ita ce ka nema don zumunci, ka san waɗanda kuke jini ɗaya da su a Guri ko Kafin Hausa ko Birniwa. Abin da ka gano na sirrin wani gida ba na ɗorawa a Facebook ba ne. Idan maganar gado ce, a kai wa manya da alƙali. Barin abin ya ɓace ma ba ya hana rigima, sau da yawa rigimar gona tana tashi ne bayan wanda ya san iyakar ya rasu ba a naɗi maganarsa ba.

Ni dai bayan abin da ya faru da mutumin Auyo, na je na zauna da ƙanwar kakana. Minti 47 na samu, ta ba ni sunaye har hawa biyar da sunan wata tunga da ban taɓa ji ba. Yanzu ita nake nema a takardun lardi. Ko na same ta ko ban samu ba, muryar tana wuri uku.

In akwai tsoho a gidanku, ka caja wayarka yau da daddare ka je ka gaishe shi. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ƙara wa na raye lafiya.