Wa ke kula da gangunan roka da ke bisa kanmu?

Duk lokacin da aka harba tauraron ɗan Adam, rokar da ta ɗauke shi takan rabu kashi-kashi. Kashin farko yakan faɗo nan da nan, amma na ƙarshe sau da yawa yakan tsaya can sama yana kewaya duniya, ba matuƙi, ba birki, da gudun kilomita dubu 28 a awa guda. Tun 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, waɗannan ganguna suke taruwa.

Sojojin Amurka ne suka fi kowa bin sawunsu. Da na'urorin rada da madubin hangen nesa suke ƙidayar duk abin da ya kai santimita 10, su ba shi lamba, su auna hanyarsa. Aikin yana da amfani, domin ragowar mai da ke cikin ganga yakan sa ta fashe. A 1996 wani ɓallin rokar Ariane da ta tarwatse shekaru 10 kafin nan ya bugi tauraron Faransa mai suna Cerise.

To, amma sanin inda ganga take daban, sanin inda za ta faɗi daban. Abin da ke zagaya duniya cikin minti 90, kuskuren ƴan mintoci kaɗan a lissafinsa ya zama dubban kilomita a ƙasa. A watan Mayu na 2020 gangar rokar Sin mai nauyin wajen tan 20 ta dawo ba tare da an sarrafa ta ba, guntayen ƙarfenta suka zubo a ƙauyukan Kodibuwa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Manoman nan ba su harba kome ba, kuma babu wanda ya faɗakar da su.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1972 ta ce ƙasar da ta harba ita za ta biya diyyar ɓarna. Madalla, sai dai diyya bayan ɓarna take zuwa. Dabarar hana ɓarnar kuwa sananna ce: a bar wa ganga ɗan mai, a juya ta, a jefa ta cikin teku inda ba kowa. Kuɗi ne kawai ake ƙyashi.

Ya kamata hukumar sararin samaniya ta Afirka, wadda aka buɗe a Alƙahira a 2025, ta nemi a wajabta wannan dabara, kuma a riƙa sanar da gwamnatocinmu tun ganga ba ta kunno kai ba.