Kai Ya Fito, Kafaɗa Ta Maƙale: Kira Ga Magidantan Sabo



Watan jiya matar yayana ta haihu a nan Ibadan. Da naƙuda ta tashi, Baba yana kasuwa, Yaya ya tafi Shagamu sarin goro, tsofaffin gida kuma suka ce a bari ta haihu a ɗaki. Ni na dage muka kai ta asibiti, har aka ce na cika rawar kai.

Ashe yaron kilo 4 da rabi ne. Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin mara. Ungozomar asibitin ta gaya mini yadda suka yi: suka kwantar da ita rigingine, mutum biyu suka naɗe cinyoyinta zuwa cikinta, wata ta danna daidai saman ƙashin mara, sai kafaɗar ta kuɓuce. Da bai yiwu ba, sai a sa hannu a fito da hannun yaron na baya, ko a juya uwar ta durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi.

Ta ce abu biyu ne ba a yi: fizgar kan jariri, da danna saman ciki. To jama'a, ba su ne ake fara yi a gidajenmu ba? Fizgar nan ke lalata jijiyoyin da suka taso daga wuya zuwa hannu, yaro ya tashi da shanyayyen hannu, mu ce iska ce. In kuma aka ɗau lokaci, cibiya ta matse, ƙwaƙwalwa ta taɓu ko a rasa shi.

Na san uzurinmu: kuɗi, rashin jin Yarbanci, da gudun likita namiji. Amma wanda ya iya cinikin shanu da Bayarabe a Bodija ba zai kasa samun tafinta ba. Ciwon suga lokacin ciki da girman jariri suna ƙara haɗarin, awo kuma yana gano su. Sai dai sau da yawa abin ba ya sallama, shi ya sa awo kaɗai bai isa ba, a haihu a hannun wanda ya koya.

Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni su riƙa faɗa wa maza wannan. Yadda muke tanadin ragon suna, mu yi tanadin kuɗin asibiti tukuna.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, amin.